Ciwon Suga Yana Barin Sawu A Jiki: Abin Da Hoton Ido Ke Gani Tun Kafin Ki Ji Komai

A garuruwanmu irin su Mungadi da Maiyama da Jega da Aliero, mata da yawa ba sa sanin suna da ciwon suga sai abu ya yi nisa. Wata sai ganinta ya fara dishi-dishi, wata sai ɗan ciwo a ƙafa ya ƙi warkewa, wata kuma sai an ga kiyashi na taruwa a inda ta yi fitsari. Wannan alama ta kiyashi gaskiya ce, amma a makare take zuwa, domin suga ba ya fara zuba cikin fitsari sai ya kai wajen 180 a ma'aunin jini. Likita kuwa tun daga 126, idan an auna da safe kafin a ci komai, yake kiran abin ciwon suga. Tsakanin waɗannan lambobi biyu mutum yana iya shafe shekaru yana harkokinsa, ciwo na aikinsa a ɓoye.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Nan gida ma haka abin yake. A babban binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar da ɓangarensa na ciwon suga a 2014, kusan rabin waɗanda aka samu da ciwon a ranar binciken suka fara jin labari.

Sai dai suga ba ya wucewa bai bar sawu ba. Yana barinsa a jini, da fata, da ƙafa, da can cikin ido. Yau akwai hanyoyin ganin wannan sawu, har ma a ɗauki hotonsa.

Abin da kike gani a kasko kullum

Ki tuna lokacin da kika zuba albasar Aliero a mai. Fara take shiga, kafin wani lokaci ta yi ja, in kin bar ta ta yi baƙi. Haka bayan masa da ƙosai da tsire. Wani ɓangare na wannan sauyin launi yana faruwa ne saboda suga ya haɗu da furotin, wato sinadarin gina jiki, ya manne masa. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan haɗuwa a 1912.

Jikin ɗan Adam ma da furotin aka gina shi, kuma akwai suga a jini dare da rana. Don haka irin abin da ke faruwa a kasko yana faruwa a jiki, illa dai kasko minti kaɗan yake buƙata, jiki kuwa watanni da shekaru. Kowa yana da wannan, yana cikin abin da ke kawo tsufa. Amma idan suga ya yi yawa a jini, kamar an ƙara wa murhu itace ne. Furotin ɗin da suga ya manne wa yana taurarewa, yana rasa laushinsa, yana sauya launi. Ƙananan hanyoyin jini suna raunana, su fara yoyo ko su toshe. Daga nan ne matsalar ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ke samo asali.

Littattafan ajiya guda uku

Gwajin da ake tsira yatsa a asibiti ko a kemis yana faɗa miki sugan da ke jininki a daidai wannan lokaci ne kawai. In kin sha fura da suga zai hau, in kin wuni ba ki ci ba zai sauka. Amma jiki yana da wuraren da yake rubuta labari mai tsawo.

Na farko shi ne jini. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma muddin suna yawo suga yana manne wa furotin ɗin da ke cikinsu. Wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, ya gano hakan a jinin masu ciwon suga a 1968. Daga nan aka samu gwajin da za ki ga an rubuta HbA1c a takardar asibiti. Yana nuna yadda suganki ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ba sai kin je da yunwa ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa kashi 6.5 ko sama da haka yana nuna ciwon suga.

A nan akwai abin lura a ƙasarmu. Duk abin da ya taɓa rayuwar jajayen ƙwayoyin jini yana iya karkatar da sakamakon: cutar sikila, ƙarancin jini, zubar jini wajen haihuwa, ƙarin jini da aka yi kwanan nan, da juna biyu. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma wasu na'urorin gwajin suna rikicewa da irin wannan jini. Saboda haka ki faɗa wa likita rukunin jininki kafin a karanta miki sakamako.

Na biyu shi ne fata. Furotin ɗin da ke riƙe fata, wanda ake kira kolajen, yana daɗewa ƙwarai. Sai an yi kimanin shekara 15 kafin jiki ya sauya rabinsa. Ke nan fata tana ajiye labarin shekaru.

Na uku shi ne madubin cikin ido, wanda haske ke ratsawa. Furotin ɗin tsakiyarsa ba a sauya shi tun daga haihuwa har ƙarshen rayuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu ciwon suga ke saurin samun yanar ido tun ba su tsufa ba.

Na'urar da ke haska fata

Wasu daga cikin waɗannan furotin da suga ya ɓata suna da wata ɗabi'a: idan aka haska su da wani irin haske, sai su mayar da nasu ɗan ƙyalli. Masu bincike a garin Groningen na ƙasar Holan sun ƙera na'ura mai suna AGE Reader a kan wannan. Mutum zai ɗora hannunsa a kai, ba allura ba jini, cikin daƙiƙoƙi ta auna ƙyallin. Bincike ya nuna cewa masu yawan wannan ƙyalli sun fi shiga haɗarin ciwon zuciya da ƙoda. A Amurka ma an amince da wata na'ura a 2013 mai auna irin wannan ƙyalli a madubin ido.

Abin sha'awa ne, amma kada ki ruɗu. Baƙar fata tana shanye hasken da na'urar ke aikawa da wanda ke dawowa, don haka a fata irin tamu sakamakon ba ya zama abin dogaro kamar a farar fata. Man shafawa ma yana rikita ta. Har yanzu babu inda ta maye gurbin gwajin jini wajen tabbatar da ciwon suga.

Wannan ya kawo mu ga masu yawo kasuwa-kasuwa da gida-gida da wata 'yar na'ura haɗe da kwamfuta, su ce ki riƙe ƙarfe a hannu za ta nuna miki suga da ƙoda da hanta da mahaifa gaba ɗaya, daga ƙarshe su sayar miki da magani. Wannan ba gwaji ba ne. Haka agogon hannu da zobe da ake tallata su a Facebook da TikTok cewa suna auna suga ba tare da huda fata ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da ko ɗaya ba. Kuɗin da za ki ba su ya ishe ki gwaji na gaskiya.

Hoton bayan ido

Hoton da ya riga ya tabbatar da amfaninsa shi ne na bayan ido. A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da ake kira retina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Nan ne likita ke iya kallon ƙananan hanyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka jiki ba. Tun 1851 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya ƙera abin leƙa cikin ido, kuma 'yan shekaru bayan haka likitoci suka fara bayyana ɓarnar da suga ke yi a wurin.

Ga abin da ake nema a hoton. Da farko ƙananan jajayen ɗigo-ɗigo, inda bangon hanyar jini ya raunana ya kumbura. Sai ɗigon jini, da wasu rawayen tabo na kitsen da ya yoyo. In abu ya ci gaba, hanyoyin jini suna toshewa, sai ido ya tsiro da sababbi marasa ƙwari, waɗanda kan fashe su cika ido da jini, ko su janye tantanin daga mazauninsa. Akwai kuma kumburin tsakiyar tantanin, wurin da kike amfani da shi wajen karatu da zura zare a allura da gane fuskar ɗanki. Wannan kumburi ana auna shi da wani hoto na daban mai suna OCT, wanda ke nuna kaurin tantanin hawa-hawa.

Babban haɗarin shi ne matakan farko ba su da zafi, ba ƙaiƙayi, ido ba ya ja, gani garau. Mace tana iya tsintar shinkafa tsaf alhali ɗigo-ɗigon sun riga sun fito. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na masu ciwon suga suna da wannan matsala. Wani lokaci ma a ɗakin likitan ido ake fara gano mutum yana da suga, ya je neman tabarau ne kawai.

Yadda ake yi babu wahala. Za a ɗiga miki magani ya buɗe ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ki jira kamar minti 20 zuwa 30. Sai ki ɗora haɓa a jikin na'ura, haske ya walƙa kamar na ɗaukar hoto, shi ke nan. Babu abin da zai taɓa idon. Maganin yana ɗan yaji na ɗan lokaci, kuma ganinki zai yi hazo na wasu sa'o'i, rana za ta dame ki. Don haka ki tafi da ɗan rakiya, kada ki ce za ki tsallaka titi ko ki hau kabu-kabu da goyo ke kaɗai.

Shin yana da amfani? A Ingila an fara shirin ɗaukar hoton idon duk mai ciwon suga daga shekara 12 zuwa sama a 2003. Kafin 2010, ciwon suga ya sauka daga matsayin babban mai makantar da masu shekarun aiki a can, karo na farko cikin shekara 50. Gano abu da wuri na cikin abubuwan da ake ganin sun kawo wannan. Idan an gano, akwai ƙona wuraren da suka lalace da hasken leza, wanda tun shekarun 1970 aka tabbatar yana rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. Akwai kuma allurar da ake yi a ido don sauke kumburi. Amma duka biyun sun fi ƙarfi wajen tsare ganin da ya rage; wanda ya riga ya tafi da wuya ya dawo.

Abin farin ciki ga mutanen karkara shi ne kyamarorin suna ƙanƙancewa. Yanzu akwai waɗanda ake maƙala wa waya irin wadda ke hannunki, an yi aiki da su a Indiya da Kenya. A 2018 Amurka ta amince da manhajar farko ta ƙirƙirarriyar basira da ke karanta hoton ido da kanta ta ce a tura mutum wurin likita ko a'a. A Ruwanda an gwada irin wannan, aka ga waɗanda aka ba sakamako nan take sun fi zuwa asibitin da aka tura su. Ma'anar wannan ita ce ma'aikaciyar lafiya da aka horar tana iya ɗaukar hoto a ƙaramin asibiti, ba sai kowa ya yi doguwar tafiya ba. Abu ne da ya dace mu riƙa tambayar shugabanninmu a kai. Amma ki sani, hoton da kika ɗauki idonki da wayarki a gida ba ya nuna bayan ido.

Idan kina da juna biyu

Ciki yana iya hanzarta ɓarnar suga a ido. Matar da ta san tana da ciwon tun kafin ciki ya kamata a duba bayan idonta kafin ta ɗauka, ko cikin wata uku na farko, a ci gaba da bibiya har bayan haihuwa.

Akwai kuma sugan da ke zuwa da cikin kansa. Ana gwada shi tsakanin mako 24 zuwa 28, a ba ki ruwan suga ki sha a auna jini. Ki nemi a yi miki a wajen awo, musamman in kin taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye, ko kin taɓa haifar ɗa ba rai ba a san dalili ba, ko akwai ciwon a gidanku. Sau da yawa yana sauka bayan haihuwa, amma gargaɗi ne: a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 12, sannan a riƙa maimaitawa, domin irin waɗannan mata sun fi kowa haɗarin samun ciwon daga baya. A lokacin jego kuma a sassauta suga a kunu da shayi.

Daga Mungadi, ina za ki nufa?

Ki fara da gwajin jini a asibiti mafi kusa, na Mungadi ko babban asibitin Maiyama ko Jega ko Aliero. Ki je da safe bayan awa 8 ba ki ci komai ba, ruwa kawai. In ya hau, a maimaita wata rana don a tabbatar.

Idan an tabbatar, ki nemi takardar zuwa wurin likitan ido a ranar, ko da kina gani lafiya. Babba da aka samu da irin sugan da ke zuwa a girma, duba idonsa ba ya jira, domin ba a san shekara nawa ya yi da ciwon ba. Yaro mai irin sugan da ke buƙatar allurar insulin kuwa likitansa zai tsara lokacin fara dubawa, yawanci cikin shekara biyar da kamuwa. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya. Gaba akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna don manyan ayyuka.

Ki faɗa ƙarara: “Ina da ciwon suga, na zo a duba min bayan ido.” Karanta haruffa a allo da gwada tabarau ba shi ne wannan dubawa ba. Ko babu kyamara, likita yana iya dubawa da fitilarsa bayan ɗiga magani. In an ɗauki hoto, ki roƙi a ba ki ko ki ɗauke shi da wayarki, don a gwada da na baɗi. A maimaita duk shekara, ko yadda likita ya ce. A wannan zuwan ki nemi a auna hawan jini, a kuma gwada fitsari don lafiyar ƙoda, domin abin da ya bayyana a ido sau da yawa yana faruwa a ƙoda.

Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko kika ga baƙaƙen abubuwa kamar yanar gizo suna yawo, ko kamar an saki labule a gefe, wannan na gaggawa ne. Kada a ɗiga nono ko ruwan ganye ko wani tozali na musamman, kuma kada a kai idon wurin masu kwantar da yana na gargajiya.

Abin da za ki iya dubawa a gida

Ki duba bayan wuya da hammata, naki da na 'ya'yanki, musamman yaro mai ƙiba. Idan fata ta yi duhu da kauri, da santsi kamar karan-miski, kuma wanka ba ya fitar da ita, ba dauɗa ba ce. Tana iya zama alamar jiki ya fara ƙin jin insulin. Kada a dirje ta da soso ko a shafa man bilicin, a je gwaji.

Ki haɗa tafukan hannunki biyu, yatsa kan yatsa. Idan sun ƙi mannewa, an bar rata a tsakani, yana iya zama taurin da suga ke sa wa fata da jijiyoyi a wanda ya daɗe da ciwon. Ki nuna wa likita.

Sai ƙafa. Suga yana kashe jin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba. Masu bincike suna amfani da kyamarar zafi, kuma sun gano cewa idan wani wuri a ƙafa ɗaya ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar zafi da sama da digiri 2, gyambo na iya biyowa baya. Ke ma kina da abin dubawa. A lokacin alwala ki kalli tsakanin yatsu da dunduniya, ki tsane su sosai. Ki ɗauki hoton tafin ƙafar mahaifiyarki ko surukarki da waya duk mako, ki gwada da na baya. Lalle yana iya ɓoye ja ko rauni, don haka a duba da kyau kafin a ƙunsa. Kada a yanke kaushi da reza, kada a yi yawo ba takalmi, kada a kusanta ƙafa da kaskon wuta lokacin hunturu. Ruwan wankan jego ma a gwada shi da gwiwar hannu tukuna.

Sawun yana gogewa?

Na jini yana sauyawa cikin wata uku idan kin gyara. Na fata da na ido suna daɗewa, shi ya sa gyaran farko ya fi tsada a wurin jiki. A wani babban bincike na Amurka da Kanada da ya ƙare a 1993, waɗanda suka riƙe sugansu da kyau sun rage haɗarin fara samun matsalar ido da kashi 76 cikin ɗari, kuma amfanin ya bi su shekaru da yawa bayan haka. A Birtaniya an ga cewa duk saukar maki ɗaya a HbA1c tana tafiya da raguwar ɓarnar ƙananan hanyoyin jini da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gyaran kuwa a kicin ɗinki yake farawa: rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, ƙara miyar ganye da zogale da wake da kifi, barin lemon kwalba da zuba suga a fura da koko, tafiya da motsa jiki, da shan magani yadda aka rubuta ko da kin ji sauƙi. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya. Ki mayar da ita ranar tuna wa gidanki gwaji.

Uwargida, a cikin gidanku wa ke da ciwon suga, kuma yaushe rabon da a duba bayan idonsa? Ki ba mu labarin yadda kika samu dubawar a yankinku a sashen ra'ayi da ke ƙasa, wata 'yar'uwa za ta amfana. Allah Ya ba mu lafiya da zuri'armu baki ɗaya.